Man zaitun a tukunyar gida: ina ya dace, ina ake asararsa?

"Assalamu alaikum. Likita ya ce wa Babanmu ya rage kitse da man shanu saboda maiƙon da ya yi yawa a jininsa, sai yayanmu ya sayo kwalbar man zaitun mai tsada. Na yi miyar tumatir da shi, ta fito da ɗaci har yara suka ƙi ci. Wata maƙwabciyata kuma ta ce ai ba a ɗora man zaitun a wuta, guba yake zama, sha da shafawa kawai ake yi. Shin gaskiya ne? In ana girki da shi, wane irin abinci ya dace, kuma yaya zan gane mai kyau?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kike son sani shi ne ko wuta na lalata man zaitun, me ya jawo ɗacin miyarki, da kuma abincin da ya cancanci a kashe wannan mai tsadar a kansa. Ta farkon amsarta gajera ce: ana girki da shi, kuma ba ya zama guba. Mutanen Sifaniya da Italiya da Girka da Turkiyya da Tunisiya da Maroko da shi suke soya albasa, da shi suke dafa wake da ganye tun kaka da kakanni. Abin da ya sa maganar maƙwabciyarki ta samu gindin zama a wajenmu shi ne hanyar da man ya shigo mana. A shagon masu maganin Musulunci muka san shi, cikin 'yar kwalba, kusa da zuma da man habbatus sauda, don haka a idonmu magani ne, ba kayan miya ba. Alhali ko hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kansa, ci ya fara ambata kafin shafawa.

Fara da karanta jikin kwalbar

Ba duk abin da aka rubuta wa zaitun ne iri ɗaya ba, kuma rabin ruɗanin daga nan yake. Wanda aka rubuta wa Extra Virgin shi ne na sama. Niƙa 'ya'yan zaitun ake yi a tatsi man da inji, babu sinadari, babu zafi mai yawa, kuma bisa ƙa'idar hukumar zaitun ta duniya da ke Madrid, tsaminsa ba zai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba. Shi ne mai ƙamshi, mai ɗan ɗaci, mai yaji a maƙogwaro. Wanda aka rubuta wa Virgin kawai yana biye da shi, ana yarje masa har kashi 2. Sai wanda aka rubuta wa Pure ko Light ko Olive Oil zalla: wannan tatacce ne, an cire masa ƙamshi da launi a masana'anta, sannan aka ɗan haɗa masa na farkon don ya samu ɗanɗano. Kalmar Light ba ta nufin ba ya sa ƙiba, ɗanɗanonsa ne mara ƙarfi. Na ƙarshe shi ne Pomace, wanda ake cirowa daga tunkuzar zaitun da sinadari bayan an gama tatsa. Ana cin sa, ya fi araha, amma bai kamata a sayar miki da shi a kuɗin na farko ba.

Ki juya kwalbar ki duba jerin abin da ke ciki. Akwai kwalabe masu babban hoton zaitun a gaba, a baya kuma an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa mafi yawansa man sunflower ne ko na waken suya. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar ƙarewar aiki, ki zaɓi kwalba mai duhu ko gwangwani. Ƙananan kwalaben da ake sayarwa don shafawa, in ba a rubuta na ci ba ne, kada su shiga tukunya.

Gwajin da ake yaɗawa na sa shi a firiji, wai in ya daskare na gaske ne, ba abin dogaro ba ne. Akwai gaurayayyen mai da ke daskarewa, akwai na gaske da ba ya daskarewa sosai. Launi ma haka, shi ya sa masu sana'ar ɗanɗana man suke zuba shi a kofi mai launin shuɗi don kada koren ya ruɗe su. Abin da za ki iya yi a gida shi ne ki zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofi, ki riƙe a tafin hannu ya ɗan yi ɗumi, ki shinshina. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyen ganye ko ɗanyen tumatir, in kin kurɓa kuma ya ɗan shaƙe ki a maƙogwaro. Wanda ya tsufa yana warin tsohuwar gyaɗa, ya bar maiƙo mai nauyi a harshe. Wannan gwajin yana nuna sabo da tsoho. Tabbatar da ko an yi algus kuwa aikin ɗakin gwaji ne, hanci ba ya yanke wannan hukuncin.

Zancen zafi

Kowane mai yana da iyakar zafin da in ya kai zai fara hayaƙi ya lalace. Extra Virgin mai kyau yana fara hayaƙi ne wajen digiri 190 zuwa 210 a ma'aunin Salshiyas, tataccen kuma ya kan haura 230. Suyar albasa a matsakaiciyar wuta ba ta kusantar nan, kuma duk miyar da ke da ruwa a ciki ba ta wuce digiri 100 da ɗan kaɗan komai daɗewarta a wuta. Ko suyar da ake nutsa abu cikin mai, kamar ƙosai, a 170 zuwa 180 ake yin ta. Mafi yawan man zaitun nau'in kitsen da ake kira oleic ne, wanda ke jure zafi fiye da man waken suya ko na sunflower na gama-gari.

Abin da wuta ke ci shi ne ƙamshin. Minti 20 a tukunya ya isa ya kore mafi yawan ƙamshin ɗanyen ganyen da kika biya kuɗi mai yawa dominsa. Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne: ana buƙatar kilo 5 na 'ya'yan zaitun ko fiye kafin a samu lita ɗaya, ga farin da aka yi a Sifaniya a 2022 da 2023, ƙasar da ke samar da kusan rabin man duniya a shekara mai kyau, ya ɗaga farashin ko'ina. Don haka dokar da nake koyarwa ita ce a raba man biyu: kaɗan a farkon girki don suya, sauran a ƙarshe bayan an sauke, ɗanye, inda harshe zai ji shi.

Me ya sa miyar ta yi ɗaci

Na fi zargin wuta. Mun saba da yadda ake yi wa man gyaɗa na gargajiya: a bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a jefa albasa ta ƙone don a kashe warin ɗanyen mai. Man zaitun ba ya buƙatar wannan, kuma in aka yi masa haka ɗaci da ƙauri ne sakamakon. In kuma akwai tafarnuwa a ciki, to ita ce ta farko da ke ƙonewa. Dakakkiyar tafarnuwa cikin mai mai zafi ba ta kai minti ɗaya take komawa ruwan ƙasa, daga nan ɗacinta ya bi tukunyar gaba ɗaya, babu abin da zai cire shi.

Na biyu, wataƙila an niƙa kayan miyan tare da man a bilenda. Wuƙar bilenda tana farfasa man ƙanana-ƙanana, sinadaran ɗacin da ke cikinsa su fito fili. A markaɗa kayan miya su kaɗai, man ya shiga daga baya. Na uku, man da kansa yana iya zama mai ƙarfi, musamman wanda aka tatsa daga ɗanyun 'ya'ya a farkon kaka. Wannan ɗacin alamar inganci ce, amma bakin yara bai san da haka ba. Ki kuma tuna ko kin sa kanwa don kashe tsamin tumatir, domin in ta yi yawa ita ma tana kawo ɗaci, a ɗora wa man zaitun laifi.

Ga yadda za ki sake gwadawa, miyar mutum 5 ko 6. Ki fara tafasa markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu shi kaɗai har ruwan ya ƙone ya yi kauri, wannan ne ke kashe tsami ba tare da kanwa ba. A wata tukunyar ki zuba babban cokali 3 na man zaitun tare da yankakkiyar albasa babba guda, tun tukunyar ba ta yi zafi ba, ki barbaɗa ɗan gishiri, ki sa wuta ƙasa-ƙasa. Ki ba ta minti 10 zuwa 12 kina juyawa. Abin da kike nema shi ne albasar ta yi laushi, ta yi sheƙi, gefenta ya fara ɗan ja, ƙarar suyar kuma a hankali take, ba tartsatsi ba. Sai tafarnuwa, ki ƙirga 30, ki juye markaɗen a kai. Ki bar shi minti 15, ki zuba romon nama ko na kaza, ki gyara gishiri. Bayan kin sauke ki ƙara cokali ɗaya ɗanye. Kada ki jira mai ya taso ya kwanta a sama kamar yadda aka saba, cokali 4 ba za su yi wannan ba, kuma rashin hakan ba ya nufin miyar ba ta soyu ba.

Miyar sha

Inda man zaitun ya fi nuna kansa shi ne miyar da ake sha da cokali, irin ta mutanen Masar da Sudan da Labanon, musamman a azumi. Mafi sauƙi ita ce ta adas, wato ƙananan jan waken nan masu faɗi da ake samu a manyan kantuna. Gwangwanin madara ɗaya na adas, a wanke har ruwan ya daina fari. A soya albasa ɗaya da karas ɗaya a cokali 2 na mai kamar yadda na faɗa a sama, a sa tafarnuwa da ƙaramin cokali na garin kumin, a zuba adas da ruwa gwangwani 5. Minti 20 zuwa 25 ya narke da kansa. A burge shi da maburgi ko a niƙa bayan ya ɗan huce. Lemun tsami a ƙarshe yake shiga, domin tsami yana hana kowane irin wake yin laushi in aka sa shi da wuri. A kwanon kowa a ɗiga ƙaramin cokali na ɗanyen mai. In ta kwana za ta yi kauri kamar kunu, a sassauta ta da ruwan zafi.

In babu adas, waken gida da aka surfe aka cire bawon yana yi, sai dai ya fi cin lokaci da ruwa. Kabewa ma tana karɓar wannan tsarin sosai: rabin kilo na kabewa ja, albasa, ɗanyar citta kaɗan, romon kaza daidai yadda zai rufe ta. Ruwa in ya yi yawa miyar ta yi salam, gara a fara da kaɗan a ƙara daga baya. Zaƙin kabewar yana rufe ɗacin man, shi ya sa na fi so a fara gabatar wa yara da man zaitun ta nan.

Salak

A nan ne kwalbar Extra Virgin ke biyan kuɗinta, kuma da ita za ki maye wa Baba gurbin mayonis ko salad kirim. Awon haɗin da ake zubawa a kan salak shi ne mai kashi 3, tsami kashi 1: babban cokali 3 na mai, cokali 1 na ruwan lemun tsami ko khal. Lemun tsaminmu ƙanana sun fi kaifi, don haka in ya yi miki yawa ki koma 4 da 1. Ki fara narkar da gishiri a cikin lemun kafin ki zuba mai, gishiri ba ya narkewa a mai, zai zauna a ƙasa ne wani ya tauna shi. Ki zuba duka a ƙaramar kwalba mai murfi, ki girgiza. Zai rabu bayan 'yan mintoci, hakan ba lalacewa ba ne, a sake girgizawa. Rabin ƙaramin cokali na zuma ko na garin ƙuli-ƙuli yana taimaka masa ya daɗe a haɗe.

Kuskuren da ya fi yawa ba a man yake ba, a ganyen yake. Latas da aka wanke aka yanka da jiƙonsa ba ya riƙe mai, man ya zame ya taru a gindin kwano tare da ruwa. Ki wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, ki kula da gindinsa inda ƙasar fadama ke maƙalewa, ki tsane a kwando, sannan ki shimfiɗa a kan tsabtataccen ƙyalle ya sha iska. Kada a zuba haɗin sai za a ci, domin cikin minti 15 gishiri da tsami sun kwantar da latas. Kabeji da karas kuwa akasin haka ne, sun fi daɗi in suka yi rabin awa a cikin haɗin. Albasa in ta cika yaji, a jiƙa yankakkiyar a ruwan sanyi minti 10. Tumatir da kokwamba a barbaɗa musu gishiri tun farko su tsatso ruwansu, ruwan tumatir ɗin kuma kada a zubar, a haɗa shi da man, ya fi komai daɗi. Ganyen na'a-na'a kaɗan da gasasshen burodi da aka ɓaɓɓalla a kai, kin kusa yin fattoush na mutanen Labanon ke nan.

Kwaɗon zogale ko na rama? Yana yiwuwa, amma ƙuli-ƙuli yana da ƙarfin da ke danne ƙamshin zaitun, kuma shi kansa yana da sauran mai a jikinsa. Cokali ɗaya ya isa babban kwano. Inda ya fi burge ni cikin abincinmu shi ne garau-garau da ɗanwake, tun da dama ɗanyen mai ko wanda aka ɗan soya ake zubawa a kai. Wake da man zaitun da yaji da ɗanyar albasa sun san juna.

Abin haɗawa da shinkafa ko burodi

Turkawa suna da rukunin girki guda da suke dafa kayan lambu a man zaitun a hankali, a ci su bayan sun huce. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne man zaitun ba ya daskarewa a zafin ɗaki, ba kamar man shanu ko kitse da ke yin fari a saman abinci in ya yi sanyi ba. Ki gwada da koren wake: rabin kilo, a cire zaren gefe a karya biyu, albasa ɗaya, tumatir 2 da aka goga, mai cokali 3, gishiri, sukari rabin ƙaramin cokali, ruwa rabin gwangwani. A jera a tukunya, a rufe, wuta can ƙasa, minti 40 zuwa 45, ba a yawan buɗewa. Waken zai rasa korensa mai haske ya yi laushi sosai, haka ake so. Washegari ya fi daɗi.

Mutanen Maroko kuma suna da zaalouk, wanda ake yi da babban yalon nan mai baƙin bawo. Matsalar yalon ita ce shan mai kamar soso: in kika soya shi ɗanye zai shanye rabin kwalba. A gasa shi dungurungum a kan garwashi ko bakin gas har bawon ya ƙone cikin ya lotsa, a ɓare, a dandaƙa, sannan a haɗa da soyayyen tumatir da tafarnuwa da kumin a cokali 2 na mai, a juya har ruwan ya ƙafe. Yalonmu fari ko gauta ma suna yi in an tafasa su, sai dai suna da nasu ɗacin, don haka a nan tataccen man ya fi dacewa.

Dankalin Hausa ko na turawa, a yanka manya-manya, a tafasa minti 6 zuwa 8, a tsane sosai, a cakuɗa da cokali 2 na mai ga kowane kilo, a gasa a oben mai zafin digiri 200 wajen minti 35, a juya sau ɗaya. In aka cunkusa su a faranti turara za su yi maimakon gasuwa.

Akwai kuma inda ba zan sa shi ba. Miyar kuka da ta kuɓewa da taushe, daddawa ce ke mulki a cikinsu, ƙamshin zaitun ko dai ya ɓace ko ya yi faɗa da ita. Alale da fate sun saba da manja. Ƙosai da awara da soyayyar doya kuwa, ba lafiya ce ta hana ba, aljihu ne.

Ajiya, da abin da ya shafi Baba

Haske da zafi da iska ne ke tsufar da man, kuma kicin ɗinmu a watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana da duka ukun. Kada kwalbar ta zauna kusa da murhu ko a taga. Ki sa ta a kabad mai duhu can ƙasa, ki rufe da kyau duk lokacin da kika zuba. Ki sayi ta mililita 250 ko 500 da za ta ƙare cikin wata 2 ko 3 bayan buɗewa, ta fi babban galan da zai shekara yana lalacewa. In zafi ya tsananta ana iya sa ta a firiji, za ta yi gajimare ta yi kauri, ta dawo daidai in ta sha iska. Gargaɗi guda: kada a jiƙa ɗanyar tafarnuwa a cikin mai a ajiye a ɗaki, kamar yadda wasu ke yi da sunan magani. Ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulism tana girma ne inda babu iska, kuma ba ta canza wari ko ɗanɗano. In an haɗa, a firiji, a gama da shi cikin kwana 3.

Game da lafiyar Baba, amfanin man zaitun yana zuwa ne in ya maye gurbin kitse da man shanu, ba in an ƙara shi a kansu ba. Babban cokali ɗaya yana da kalori wajen 120, daidai da kowane mai. Kitsen da likitoci ke cewa a rage, wato mai daskarewa, kusan kashi 14 cikin 100 ne a man zaitun, kusan rabi a manja, fiye da rabi a man shanu. Man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba, wato bai yi nisa da zaitun ba. Saboda haka gidan da ke girkin yau da kullum da man gyaɗa mai kyau, daidai misali, ba tare da maimaita man suya sau da yawa ba, ya ajiye zaitun don salak da miyar sha da ɗigawa a kan wake, bai yi wa Baba rowa ba. Yawan da zai ci a rana da yadda hakan zai tafi da magungunansa, wannan na likitan da ya ga sakamakon gwajin jininsa ne, kuma kada a dakatar da ko ƙwaya ɗaya don an fara cin man zaitun. In za ku koma asibiti, ku tafi da kwalbar a gani.